Ranar Da Na Ƙure Dogo

Masu bibiyar labarina, manya da yara, ina gaisuwa. Maƙwabcina mai shagon buga takardu, wanda nake faɗa yana rubuta muku, ya karanto mini abin da kuka yi ta cewa a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata ta ce wai tsoho mai shekara saba'in da biyu me ya haɗa shi da soyayya. 'Yata, ki je ki tambaya a ba ki labarina. Rijiyar da na haƙa da hannun nan ta haura ɗari biyu. Sau uku ƙasa tana ruftawa da ni, sau uku ina fitowa ina kakkaɓe wando. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi, amma in na ɗora ƙasar gidanku a harshena zan gaya miki a gaba nawa ruwa yake kwance. Mutumin da ƙasa ta haɗiye ta tofar, ba mace ce za ta kaɗa masa hanji ba.

Haka nake gaya wa kaina, har safiyar Litinin ɗin nan.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: matar da nake nema tela ce, ana ce mata Maman Injiniya. Matar abokin aikina ce, Dogo, wanda ya rasu shekara goma sha tara ke nan. Ita Kirista ce kamar mijinta, ni Musulmi. Tawa matar ta rasu shekara huɗu da suka wuce. A kashin baya na tsaya a inda na cire kunya na gaya mata abin da ke raina, ta sauke tabarau ta dube ni tsaf, ta ce za ta yi tunani.

To ran Litinin ina zaune a tsakar gida ina yanke farce, babbar 'yata da muke kira Malama tana shanya mini kayan da ta wanke, sai waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne, don Maman Injiniya ta san ba na karatu. Ni da nake jiran albishir, sai na ƙure ƙarar don Malama ta ji da kunnenta.

"Baban 'yan mata, ina kwana. Na yi tunanin. Kafin in ba ka amsa ina son abu ɗaya. Ka zo ka zauna ka gaya mini yadda Dogo ya mutu. Ba wanda kake bayarwa a taro ba. Shekara goma sha tara ban tambaye ka ba, yanzu na tambaya."

Abin yankan farcen ya suɓuce daga hannuna.

Malama ta matse riga ta yarfa ta a igiya. "Wai Baba da gaske kake yi?"

"Kin taɓa ganin ina wasa da aure?"

"Ran Lahadi za ta fita daga gidan nan da littafinta a hammata, maƙwabta na leƙe."

"Ran Juma'a ni ma in fita da darduma a kafaɗa, su ƙara leƙe. Idonsu ne."

"In ta rataya gicciye a ɗakin Mama fa?"

"Ɗakin uwarki na nan a rufe, ba wanda zai taɓa shi. Kuma addini bai hana ni ba, na tambayi liman."

"Liman ba shi zai sha surutun dangin mijina ba." Ta goge hannu a zane, ta sassauta murya. "Ni ba ƙin ta nake ba, Baba. Ita ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko. Amma ku biyun nan gardama za ta kashe ku. Kai da ko rediyo ba ka bari ya gama magana." Sai ta yi dariya. "Sharaɗin nata ma ai mai sauƙi ne. Ko ni sai in je in ba ta labarin."

Ta buɗe ƙafa, ta turo ƙirji, ta kwaikwayi muryata. "Ina jin shiru, nan take na ɗaura tsumma a hanci, na kama igiya na zura, gaba goma sha huɗu, numfashi ɗaya. Na ɗaure shi a ƙirji, na fito hanci na jini. Da kwana ya saura, da na ƙwato shi daga bakin mutuwa."

Ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Na yi mata murmushin dole. Jama'a, duk abin da yarinyar nan ta faɗa gaskiya ne, ban da kalma biyu: nan take.

Sai na bayyana muku yadda aikinmu yake, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Rijiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗaya yana ƙasa da diga, ɗaya yana sama da igiya yana janyo bokitin ƙasa. Abin da ke kashe mahaƙi ba ruftawa ba ce kaɗai, akwai muguwar iska da ke kwanciya a rami. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum na cikin sara sai ya ji barci mai daɗi, ya zauna, shi ke nan. Da safe mukan zura fitila, in ta mutu ba mai shiga. Amma iskar kan ɓullo da tsakar aiki. Don haka dokar sana'a ɗaya ce, kuma ita ake fara koya wa kowa: na sama ba ya barin na ƙasa ya yi shiru. Ka yi ta jan shi da magana. In ka kira sau biyu bai amsa ba, ba tunani, ba tambaya, ka fito da shi.

To wace magana ce za ta kai mutum biyu shekara ashirin da uku? Zancen ƙwallo kan ƙare kafin gaba uku. Zancen mata, kafin biyar. Ni da Dogo sai muka samu wanda ba shi da gindi. Ni ina kiransa Mai-Uku, shi yana kirana Mai-Ɗaya.

In leƙa ramin in ce, "Mai-Uku, ɗaya da ɗaya da ɗaya, nawa ke nan?"

Muryarsa ta taso tana amsa-kuwwa. "Dubi igiyar hannunka. Sili nawa aka tufka?"

"Uku."

"Igiya nawa ce?"

"Ɗaya. Amma mutum ne ya tufka ta. Wa ya tufka naka?"

"Ba wanda ya tufka. Haka Yake tun babu komai. Uba, Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya."

"Ni nawa bai haifa ba, ba a haife Shi ba, bai nemi tufka ba."

"Misali na ba ka, jahili, ban ce igiya nake bauta wa ba. Ja bokiti."

In muka yi canji, ni ina ƙasa, sai ya leƙo da dogon wuyansa ya tare mini haske. "Mai-Ɗaya, yau ranka na hannun Mai-Uku, ka iya bakinka. Gaya mini, kafin a halicci kowa da komai, wa Allah yake ƙauna?"

"Ba Ya buƙatar kowa."

"Ban ce buƙata ba, ƙauna na ce."

Wannan ta sha mini kai mako guda, sai da na je wurin liman na dawo da amsa. Shi ma in na matse shi, ran Lahadi ya tsare fastonsu a ƙofar coci. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma sun yi shekaru suna dambe ta bakinmu. Kada ku ɗauka wasa muke. Ni da gaske nake tsoron Dogo ya mutu a kan shirka, shi da gaske yake tausayina wai ban san Mai Ceto ba. Duk da haka in lokacin salla ya yi shi ke cewa, "Fito ka gai da Ubangijinka." Ran Lahadi kuwa ko mai gida zai yi kuka ba na taɓa diga, don ba na shiga rami in ba Dogo ne a sama ba.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Bakin Dogo ba ya mutuwa. Ko amsar banza ce sai ya jefo. Na sha rantsuwa a gaban mutane cewa kafin in mutu sai na ga ranar da Mai-Uku zai rasa ta cewa.

Tun da ya tafi ban sake shiga rijiya ba. Na ce wa mutane baya ne ya hana ni, alhali bayana har yau ya fi na mai shekara arba'in. Abin da ke bina ba fatalwa ba ce, ban taɓa ganin komai ba. Da rana tsaka yake zuwa, ido biyu. In na buɗe duron ruwa na leƙa, ko na wuce bakin kwalbati, ko na shiga ɗakin da aka kwashe kaya, sai in ji sarar diga daga ƙasa, tim, tim, tim. Sai ta tsaya. Tsayawar ce ke tayar mini da tsikar jiki. Na yi addu'a, na yi sadaka, na riƙe ɗansa kamar ni na haife shi, na raka shi makaranta har ya zama injiniyan haƙa rijiyar burtsatse. Digar ba ta fasa tsayawa ba.

Ran Talata na danna waya sau biyar zan ce mata ba ni da lafiya. Ran Laraba bayan azahar na yi wanka, na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, wadda ita ta ɗinka mini, na karya hula, na fesa turaren da ƙaramar 'yata ta aiko. Na dubi madubi na ce, kai ne fa ƙasa ta kasa. A hanya na tsara yadda zan yi: in ba ta tsohon labarin, in ƙara masa hawaye kaɗan, in ce kalmarsa ta ƙarshe sunanta ne. Wace mace ce ba za ta so jin haka ba? Mai gidan da muka yi wa aikin, wanda shi kaɗai ya ga abin da ya faru, ya daɗe da rasuwa.

Na same ta a falo, ta rufe keken ɗinki da farin ƙyalle, abin da ba ta yi sai Lahadi. Ta sa riga shuɗiya mai ɗigo-ɗigo fari, ɗankwali a ɗaure ta baya, tabarau na rataye a wuya da zare. Ta kashe fanka, ta kashe rediyo. A bango ga gicciyen katako, ga kalanda, ga hoton Dogo cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, hannuwan sun tsaya a gwiwar hannu. Ta nuna mini kujerar da ke fuskantar hoton.

"Ka sha ƙamshi, Baban 'yan mata."

"Wurin manya na zo."

"Ina jin ka."

Na gyara murya na ɗauko tsohuwar hanya. "Ranar dai tsohuwar rijiya ce muke ƙara wa zurfi. Da safe mun zura fitila, ta ci lafiya lau. Dogo ya shiga, ya kwance igiyar ƙirjinsa kamar yadda ya saba, wai tana hana shi sara. Ina jin shiru, nan take..."

Ta ɗaga hannu. "Wannan na haddace shi. Bari in gaya maka abin da ya sa na tambaya. Kafin ranar nan, ba ka taɓa shigowa gidan nan ka ga gicciyen can ba ka tsokane mu ba. Ko ruwa na ba ka sai ka ce kofi ɗaya ne ko uku. Tun daga ranar, shekara goma sha tara, ko sau ɗaya. Kana gardama da direba, kana gardama da likita, kana gardama da jikokinka. Wannan kaɗai ka ajiye. Na zauna da namijin da ba ya ɓoye mini komai. Ba zan tsufa a ɗakin wanda ke tauna abu yana haɗiyewa in na shigo ba."

Jama'a, na ɗaga kai in yi ƙaryar da na shirya, sai idona ya faɗa kan hannun kwat ɗin nan. Ni na ara masa ita. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Akwai tambayar da na samo."

"Wace iri?"

"A rediyo na ji wani mai wa'azi ya yi ta. Kwana uku ina ɓoye ta kamar alewa, ina jiran ya shiga ƙasa sosai, inda ba fasto ba littafi. Da hantsi ya yi, mai gidan ya fito ya zauna kusa da ni, na ga na samu shaida. Sai na leƙa na ce, Mai-Uku, ku kuka ce a kan gicciye Annabi Isa ya ɗaga murya yana kuka cewa Allahnsa ya bar shi. To in su ɗaya ne, wa ya bar wa?"

Na ci gaba.

"Na ji diga ta sara sau uku. Sai ta tsaya."

"Ka kira shi?"

"Na kira. Na ce, Mai-Uku, ina bakin? Shiru. Na sake kira. Shiru."

"Sau biyu ke nan." Matar mahaƙi ce, ta san doka.

"Sau biyu ke nan. Sai na juya na dubi mai gida na ce, ka zama shaida, yau shekara ashirin da uku na ƙure Dogo."

Na gaya mata sauran. Na ce wa mai gida a ƙyale shi ya yi tunani, kada a ce na yi masa gaggawa. Matar gidan ta aiko da shayi, na karɓa, na zauna a bakin rijiyar na miƙe ƙafa. Ina kurɓa ina jefa masa magana, mai gida na dariya. Sai da na ga gindin kofin, na leƙa in ce masa ya miƙa wuya, sannan na lura ko numfashinsa ba na ji. Rami kan kawo numfashin mutum sama, kowane mahaƙi ya sani. Daga nan ne tsumma, da igiya, da jinin hanci. Wannan duk gaskiya ne. Amma na makara.

Na jira kuka, na jira zagi, na jira ta nuna mini ƙofa. Sai ta ce, "Shi ya sa ba ka shan shayi a gidan kowa."

"Shi ya sa."

"Minti nawa?"

"Ban san agogo ba a lokacin. Kofi ɗaya."

"Babba ko ƙarami?"

"Irin na silba mai hannu."

Ta tashi ta shiga kicin. Na ji ta kunna risho, na ji ruwa na zuba a tukunya. Ina zaune ni da hoton. Ƙofa na buɗe, takalmina na bakin ƙofa, amma wallahi ban tashi ba. Ta dawo da kofin silba yana tururi, ta ajiye a gabana, ta sa tabarau, ta ɗauki wayarta ta nemo agogon da ke ƙirga minti.

"Sha."

"Maman Injiniya, ki yi wa Allah."

"Shekara goma sha tara ina auna abin nan a kaina, ban san tsawonsa ba. Yau zan sani. Ka sha yadda ka sha ranar. Kada ka yi sauri don ka rage, kada ka ja don ka hukunta kanka. Kuma abin da ka faɗa masa, ka faɗa."

Ta danna.

Na hura, na kurɓa. Ya ƙona mini harshe kamar na ranar. Na dubi simintin falonta, sai na ga ya buɗe, baƙi ƙirin, da sanyin nan da ke tasowa daga rami. Na ce, "Mai-Uku, ko in aika a kira maka fasto?" Na kurɓa. "Ka ɗauki lokacinka, ba inda za ni." Na kurɓa. A nan ne mai gida ya yi dariya har da buga cinya, don haka na dakata daidai tsawon dariyarsa. "Dogo, in ka yarda ɗaya ne ka ja igiya sau ɗaya, ba sai ka yi magana ba, na san da kunya." Hawaye na zuba cikin kofin, ina sha da su. "Yau rana ta yi kyau. Yau ko na mutu na huta."

Na ga gindin kofi. Ta danna.

"Minti bakwai da rabi," in ji ta. Ta kife wayar a cinya.

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Ta cire tabarau ta goge da bakin ɗankwali, ta daɗe tana gogewa.

"Kullum ina ganinsa shi kaɗai a cikin duhu, ba motsin kowa," ta ce. "Ashe muryarka na kansa har ƙarshe. Ban sani ba ko wannan ya fi sauƙi ko ya fi muni. Ka bar ni in juya abin a raina tukuna."

"Ki ce mini wani abu, ko tsinuwa ce."

"Tambayarka tana da amsa, ka sani? Dogo ya san ta, a ɗakin nan ya sha faɗa mini. Mu a wurinmu ba rabuwa suka yi ba. Ɗan ne ya sauka har inda mutum yake jin an bar shi, don kada wani ya je can ya tarar ba kowa. Da iskar ta bar shi, da abin da zai ce maka ke nan."

Ku ji ni da kyau, masu karatu, kada wani ya ce tsoho ya sauya sheƙa saboda mace. Ni har gobe Allah ɗaya ne ba Shi da abokin tarayya, Annabi Isa bawanSa ne kuma manzonSa, ba a ma gicciye shi ba. A kan haka zan mutu. Amsoshi uku suka taso mini har maƙogwaro, masu kyau kuwa, waɗanda da Dogo ne da sai ya yi gumi. Na haɗiye su. Ba ƙure ni ta yi ba. Na dai gane cewa ban ƙure shi ba, abin da na sha shayi a kai bai ma taɓa faruwa ba.

Na ce, "To maganarmu fa?"

Ta ɗauki kofin ta riƙe da hannu biyu. "Da ka yi mini ƙarya yau, da na gane, da na sallame ka da mutunci, mu ci gaba da gaisawa. Ba ka yi ba. Amma ba ni kaɗai aka yi wa ba. Ran Asabar Injiniya zai zo. Na riga na gaya masa kana nemana, don ba zan yi aure a ɓoye wa ɗana ba. Wannan kuwa ba zai ji daga bakina ba. Ka zo da hantsi ka gaya masa kamar yadda ka gaya mini, da minti bakwai da rabin. In ya iya kallonka bayan nan, ni ma zan iya. In ba ka zo ba, ba zan faɗa wa kowa ba har in mutu, amma kada ka sake tako gidan nan da turare."

Na sa takalmi a hagunce, sai da na kai titi na lura.

Ban kai gida ba waya ta yi ƙara. Na tsaya a inuwar wani shago na kara a kunne. Saƙon murya ne daga Injiniya, ga ƙarar injinsu a bayansa, yana magana yana dariya.

"Baba, barka da yamma. Mama ta gaya mini. Wato shi ya sa kwanan nan ake ta karya hula. Baba, ni ba ni da ta cewa. Wa zan ba uwata in ba mutumin da ya shiga rami don ubana ba? Kowane sabon ma'aikaci na ɗauka, labarinka nake fara ba shi, in ce haka ake riƙe abokin aiki. Ina nan tafe ran Asabar, har da matata da yara, su ma suna son su ji daga bakinka. Na sayo maka takalmi, lamba arba'in da huɗu ko? Ka gai da Malama, ka ce ta daina fushi, mun zama 'yan ɗaki ɗaya."

Na saurara sau huɗu a tsaye a wurin, har mai shagon ya fito ya tambaye ni ko jiri nake ji.

Yaron nan yana da shekara tara aka sauke gawar ubansa a ƙofar gida. Hannuna ya riƙe a maƙabarta, ba na kawunsa ba. Aikinsa ke nan yanzu, ya san iskar rami fiye da ni, ya san minti nawa mutum ke kaiwa a cikinta. Ba sai na yi masa lissafi ba. Ina faɗin bakwai da rabi zai san ko da ubansa ya rayu.

Maƙwabcina ya ɗaga hannu daga kan na'ura yanzun nan, ya ce in na yarda ya saki wannan kashin, to ba sauran ja da baya, don matar Injiniya tana cikin masu karanta mu. Na ce ya rubuta ya ajiye, kada ya saki sai Asabar bayan azahar. In kuna karanta wannan, ku san na riga na je.

Na aika wa yaron amsa, gajeriya. Na ce lambar takalmin daidai ce. Na ce ya bar yaran a mota tukuna in ya iso, akwai maganar da za mu yi ni da shi, mu biyu, a zaune.